Yadda na kama kifin tirawut da ƙwaron gashi a Kogin Avon

A Ingila ba a tashi kawai a saɓa fatsa a nufi kogi. Takardu biyu ake nema kafin ƙugiya ta taɓa ruwa. Ta farko lasisin sandar kamun kifi ne daga hukumar kula da muhalli, wanda ya wajaba a kan duk mai shekara 13 zuwa sama. A intanet ake sayensa, na kwana ɗaya ko na kwana takwas ko na shekara guda, kuma wanda aka kama babu shi, tararsa tana iya kai fam 2,500. Wannan mai sauƙin ke nan. Ta biyun ita ce izinin mai ruwa, domin a ƙasar nan kusan kowane taƙi na kogi da mai shi. Wanda ya mallaki gaɓa, ko ya sayi haƙƙin su a wurin, shi ke cewa wane ya jefa, wane ya tsaya daga nesa. A Kogin Test da ke Hampshire, wajen garin Stockbridge inda kulob ɗin Houghton yake tun 1822, yini ɗaya a ƙarshen Mayu sai ya ci ɗaruruwan fam. Ni ma'aikacin jinya ne mai iyali, ba ni ba wannan.

Hanyata ta biyo ta wajen maƙwabcina ne, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, ɗan wata ƙungiyar masunta da ke hayar wasu yankuna na Kogin Avon a arewacin birnin Salisbury, kuma dokarsu ta ba shi damar zuwa da baƙo. Baba nake ce masa, ya kuma karɓi sunan hannu bibbiyu. Da ya ji cewa ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, sai ya ce ai kuwa na san kifi. Na ce na san cinsa dai. Ya ce a farkon Yuni zai kai ni, amma kafin nan sai na koyi jifa, kuma ba a ruwa ba, a filin ƙwallon unguwa.

Dalilin farawa a kan ciyawa shi ne wannan su ya juya duk abin da hannu ya saba da shi. A fatsar da muka taso da ita, nauyin darma da na tana ne ke jan zare idan ka wurga. A nan kuwa abin da ke bakin zaren 'yar ƙugiya ce da aka naɗe da gashin tsuntsu da na dabba har ta ɗauki siffar ƙwaro. Ba ta da nauyin da zai kai ta ko'ina. Ka jefa ta da hannu, a gabanka za ta faɗi. Saboda haka a jikin zaren aka zuba nauyin. Zare ne mai kauri, lulluɓe da roba, ba ya nutsewa. Ana ba shi lamba gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farkonsa. Wanda Baba ya ara mini lamba 5 ne, wajen giram 9 ke nan, tare da sanda mai ƙafa tara da aka ƙera don wannan lambar. A bakinsa ake haɗa wani zaren nailan, shi ma kimanin ƙafa tara, wanda ke farawa da kauri yana sirancewa har ya zamana da ƙyar ido ke ganinsa. A can ƙarshe ake ɗaura ƙwaron. A filin ƙwallo dai guntun ulu Baba ya ɗaura mini, don kada in huda kunnena ko na 'ya'yan mutane.

Jifan kansa ba aikin ƙarfi ba ne. Ka ɗaga sanda a hankali, ka ƙara mata sauri, ka tsayar da ita cak da zarar ta ɗan gota saman kanka. Zaren zai wuce baya yana warwarewa a iska. Sai ka dakata. Wannan dakatawar ita ce duk sirrin, ita ce kuma hannu ke ƙi, don zuciya na cewa ka yi maza ka dawo da shi. Idan ka dawo kafin ya miƙe, za ka ji ƙara fyat a bayanka, ƙwaro ya tsinke ya tafi ke nan. Idan ka daɗe, ya faɗi cikin ciyawa. Idan ka dace, sandar da kanta za ta lanƙwashe da nauyin zaren, ka turo ta gaba, ka sake tsayarwa cak, zaren ya tafi ya miƙe ya sauka a hankali. Baba ya cusa mini gindin sandar cikin hannun rigata don kada wuyan hannuna ya riƙa karyewa baya. "Ba kora kake yi ba, ɗana," in ji shi, "bar sanda ta yi aikinta." Bai taɓa neman in kai nesa ba. Hularsa yake ajiyewa a kan ciyawa, taku goma sha biyu, ya ce in sauke ulun a kanta.

Koguna da yawa ne a Ingila ke amsa sunan Avon. Wannan shi ne wanda ya taso daga kwarin Pewsey a gundumar Wiltshire, ya bi ta Upavon da Netheravon da Amesbury, kusa da tsoffin duwatsun Stonehenge, ya ratsa Salisbury inda kogunan Wylye da Nadder da Bourne ke zuba a cikinsa, ya faɗa teku a Christchurch. Ƙasar da yake bi ta alli ce. Ruwan sama ba ya gudu a kanta, tsotse shi take yi, ya yi watanni yana tacewa a ƙarƙashin tuddai, sannan ya ɓuɓɓugo garau, da sanyin da ba ya nisa da digiri 10 rani da damina. Shi ya sa irin waɗannan koguna ba su cika yin ja bayan ruwan sama ba, ba su kuma cika ƙafewa ba. Sinadarin allin yana ciyar da ciyawar ruwa, ciyawar ta tara ƙwari da ƙananan dodon koɗi, su kuma su ƙosar da kifi. Mafi yawan kogunan alli na duniya a kudanci da gabashin Ingila suke, sai 'yan kaɗan a arewacin Faransa. Inda muka je faɗinsa bai wuce ka jefa dutse ya tsallaka ba tare da wahala ba, amma kana tsaye a gaɓa kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. Dogayen ciyayi kore shar suna kwance suna kaɗawa da gudun ruwa, da ƙananan fararen furanni a samansu.

Mun isa da hantsi. Akwai 'yar bukkar katako, a cikinta littafin da kowa ke rubuta sunansa da lokacin zuwansa, a ƙofarta kuma baho da ruwan magani inda ake tsoma koma da takalmin roba, don kada a kwaso cutar wani kogi a kawo nan. Dokokin yankin suna manne a bango. Ba a shiga ruwa. Ba a jifa sai ta inda ruwa ke fitowa, wato sama. Ƙwaro mai yawo a saman ruwa kaɗai aka yarda da shi a wannan watan. A matse ƙarin ƙugiya da filaya don ta fita bakin kifi da sauƙi. Kifin da aka haifa a kogi a mayar da shi. Wanda aka kiwata aka zuba, ana iya ɗaukar ɗaya.

Na ɗauka daga nan sai jifa. Baba ko haɗa sandarsa bai yi ba. Muka yi nesa da gaɓa, muka gangara ta cikin makiyayar shanu har ƙarshen yankinmu, sannan muka juyo muka fara hawowa a hankali. Tirawut, kifin da muka zo nema, kullum fuskarsa na kallon inda ruwa ke zuwa, don ta nan abinci ke iso masa, ta nan kuma yake shaƙar ruwa ya yi numfashi. Wanda ya biyo ta bayansa ya fi samun damar matsowa. Haka kuma duk abin da ke wajen ruwa, ta wata zagayayyar taga da ke saman kansa yake ganinsa, mai buɗin kusan digiri 97. Abin da ya yi tsayi yana fitowa sarai a cikinta, abin da ya yi ƙasa kuwa a matse yake a gefe, dishi-dishi. Saboda haka mai tsayuwa ƙiƙam a bakin gaɓa da farar riga ya gama sallamar kifin wurin. Ga shi kuma yana jin girgizar taku ta gefen jikinsa. Sanɗa muke yi, muna duƙawa, wani wurin da rarrafe.

Ganin kifin ma aiki ne. Na sa baƙin tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, Baba yana nuna mini wuri da ɗan yatsa, ni ban ga komai ba sai tsakuwa da ciyawa. Ya ce kada in nemi kifi, in nemi inuwa, ko wani abu da ke motsi saɓanin motsin ciyawa. Can sai na ga abin da na ɗauka guntun ice ne ya ɗan gusa gefe, wani fari ya bayyana ya ɓace. Cikin bakinsa ne, ya buɗe ya cafke wani abu ya koma mazauninsa. Daga wannan lokacin idona ya buɗe. Ashe kogin cike yake: ɗaya a bayan kowane curin ciyawa, ɗaya a ƙarƙashin saiwar bishiya, babba a wuri mai kyau, ƙanana a bayansa suna jiran abin da ya bari ya wuce. Sai dai duk a ƙasa suke cin abincinsu, babu mai leƙo sama. Baba ya ce mu zauna.

Zaman nan ya kai mu har azahar. Na yi alwala da ruwan gorata, na shimfiɗa darduma a inuwa, shi kuma yana kan benci da shayinsa yana gadin kogi. Muna cin burodi na tambaye shi abin da ke raina: tunda ga kifi yana ci a ƙasa, me ya hana a sauke masa ƙwaro mai nutsewa? Ya yi dariya ya ce na taɓo rigimar da ta girmi kakansa. Frederic Halford, wanda ya yi zamaninsa a Kogin Test ya rasu a 1914, shi ya kafa aƙidar cewa mutumin kirki ba ya jefa wa tirawut komai sai busasshen ƙwaro mai yawo a sama, kuma sai ga kifin da ya gani yana ci. Wani lauya mai suna G. E. M. Skues, da ke su a Kogin Itchen kusa da Winchester, ya lura cewa yawancin abincin kifin a ƙarƙashin ruwa yake, tsutsar ƙwarin ce kafin ta yi fiffike, ya fara kwaikwayonta. Mabiyan Halford suka ɗauki abin kamar cin amana, har aka yi zaman muhawara a kansa a wani kulob na Landan a 1938, ƙarshenta dai Skues ya bar ruwan da ya shafe shekaru fiye da hamsin yana su a ciki. A nan Avon kuma, a Netheravon, aka yi Frank Sawyer, mai gadin kogi da ya rasu a 1980, wanda ya ƙirƙiro wata tsutsar jabu da ba a sa mata komai sai gashin wutsiyar tsuntsun fezan da siririyar wayar jan ƙarfe, kuma har yau da wuya ka buɗe akwatin mai wannan su a ko'ina cikin duniya ba ka gan ta ba. Duk da haka, a kogin da aka haife ta sai wani lokaci na shekara ake barinta ta shiga ruwa. A ganina dokar ba ta rasa alaƙa da nuna isa irin ta masu hali na wancan zamani. Amma bayan na ga yadda ake ɗaukar ƙwaro a saman ruwa ido na gani, na fahimci abin da suke kishi.

Wajen ƙarfe uku sama ta yi lumshi, iska ta kwanta, aka ɗan yi ɗumi. Baba ya ajiye kofinsa ya nuna tsakiyar kogi. Wani abu mai launin madara yana tafe a kan ruwa, fukafukansa a tsaye. Ya yi 'yan taku yana rawa, ya yunƙura, ya tashi da ƙyar. Sai wani, sai wani. Wannan shi ne ƙwaron Mayu, wanda saboda shi ake rububin kogunan alli daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni. Babba ne a cikin danginsa, jikinsa ya kusa gaɓar yatsa, da siraran wutsiyoyi uku. Kimanin shekara biyu yake yi yana tsutsa a cikin rami a laka da yashin gindin kogi. Ranar fitarsa sai ya taso sama, fatar bayansa ta tsage, ya zaro kansa ya tsaya a kan ruwa har fukafukansa su yi ƙwari. Idan ya tsira, ya tashi ya laɓe a bayan ganye, ya sake tuɓe fata karo na biyu, abin da babu wani ƙwaro da ke yi bayan ya riga ya yi fiffike sai danginsa. Ba shi da bakin cin abinci. Kwana ɗaya ko biyu suka rage masa, na aure da ƙwai ne kawai.

Duk wanda ya ga fitar gina bayan ruwan farko, yadda kaji da ƙadangaru da kwaɗi da yara kowa ke barin abin da yake yi, ya san abin da ya faru a kogin nan cikin rabin sa'a. Tsattsewa suna shawagi suna kwasa a iska, 'ya'yan agwagwa suna tsere a kansu, kifin da ya yini a ƙasa kamar ba ya duniya ya taso. Nan bulum, can fantsam. Masunta na tsokanar juna da cewa mako biyun nan na 'yan koyo ne, wai kifi ya haukace kowa ma zai kama. Akwai gaskiya a farkon fitar. Amma mu a ƙarshenta muka zo, lokacin da kowane kifi ya ƙoshi, ya kuma ga jabu iri-iri sun wuce ta kansa.

Baba ya zaɓa mini ɗaya. Yana can kusa da ɗaya gaɓar, ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, ba ya fantsama ruwa irin na ƙanana. Hancinsa kawai ke fitowa, ƙwaro ya ɓace, zobe ya bazu. "Kada ka jefa tukuna," in ji Baba. "Duba ta wane layi abincinsa ke zuwa, kuma bayan ya ci ɗaya yaushe yake sake tasowa." Na durƙusa a cikin wata ciyawa mai ƙaiƙayi da ta cika gaɓar, wuyan hannuna duk ya yi rudu-rudu, ina kallo. Ba ya matsawa fiye da taƙi ɗaya hagu ko dama. Abin da ya wuce nesa da haka, ko kallo bai ishe shi ba.

Ƙwaron da muka ɗaura sunansa Grey Wulff, wani Ba'amurke Lee Wulff ya ƙirƙiro shi, a kan ƙugiya lamba 10: jiki toka-toka, fukafukai da wutsiya na gashin barewa, gashin wuyan zakara a naɗe a ƙirjinsa don ya tsaya a kan ruwa. Idan ka riƙe shi kusa da na gaske ba su yi kama sosai ba, amma daga ƙasa, inda kifi yake, abin da ake gani shi ne girma da inuwa da yadda ƙafafu ke dangwalar fatar ruwa. Baba ya sa na yanke siririn bakin nailan ɗin na sa mai ɗan kauri, don babban ƙwaro yana juyawa a iska ya murɗe siririn zare. Na zura, na naɗa sau biyar, na mayar ta cikin ido, na jiƙa ƙullin da yawu kafin in ja, saboda busasshen nailan yana ƙonewa da gogayya ya yi rauni. Aka shafa wa ƙwaron ɗan mai don kada ya sha ruwa, aka goga wa zaren da ke kusa da shi laka don ya daina ƙyalli.

Jifan farko ya sauka inda ake so, kamar taku ɗaya gaba da kifin. Ƙwaron ya taho, ya taho, ya rage kaɗan ya iso kansa sai ya fara ja gefe, yana barin 'yar siririyar tsaga a bayansa. Kifin ya taso, ya dube shi, ya bi shi da baya ɗan kaɗan, ya koma. Wannan ita ce babbar matsalar su da ƙwaron gashi, ta fi jifa wuya nesa ba kusa ba. Kogi ba gudu ɗaya yake yi ba. Tsakiya na sauri, gefe na jan ƙafa, bayan ciyawa ma juyawa yake. Zarenka yana kwance a kan duk waɗannan. Na tsakiya ya kwashi cikinsa ya yi gaba, shi kuma ya fizgi ƙwaron. Ƙwaron gaske ba a ɗaure yake da komai ba, da kumfar da ke gefensa suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Naka idan ya fi kumfar sauri ko da ƙyas ne, ko idonka bai gani ba, na kifin ya gani.

Baba ya hana ni ɗagawa nan take. Sai da zaren ya gangaro ya bar wurin sarai na ɗauke shi a hankali. Muka jira har kifin ya ci na gaske biyu ko uku, hankalinsa ya kwanta. Sannan ya nuna mini dabara: in matsa ƙasa kaɗan don zaren ya rage tsallaka ruwa mai sauri, in kuma tsayar da sandar da wuri a sama, yadda zaren zai miƙe a iska ya ɗan dawo baya ya faɗo a lanƙwashe. Wannan lanƙwasar ita kogi zai fara ci. Kafin ya gama miƙar da ita, ƙwaron ya sami taku biyu ko uku yana tafiya da 'yancinsa. Abin da ake nema ke nan duka: daƙiƙa uku ko huɗu.

Akwai jifan da reshe ya karɓa, akwai wanda iska ta kai gefe. Sai wanda ya sauka shiru, wutsiya ƙasa, fukafukai a tsaye, yana tafe tare da wani na gaske a gefensa. Na ga inuwar ta rabu da tsakuwa, ta karkato sama ba gaggawa, baki ya buɗe fari, nawa ya ɓace. A nan ma dakatawa ake yi. Babban kifi a hankali yake rufe baki ya juya ƙasa, wanda ya fizga da wuri daga bakinsa zai zare ƙugiyar. Turawa kan ce ka furta addu'ar nan tasu ta Allah ya ja zamanin sarki kafin ka ɗaga. Ni bisimilla na yi, cikakkiya, tsawonta ya yi daidai. Na ɗaga sanda, ba fizga ba, sai na ji ta yi nauyi ta lanƙwashe har hannuna.

Gudun farko sama ya yi, faifan naɗi yana ƙara, zare na fita ta tsakanin yatsuna. Sai ya juyo ya nufi curin ciyawa. "Kwantar da sanda gefe, juya masa kai!" in ji Baba. Idan ya shige ciyawa ya naɗe zaren, magana ta ƙare. Na kwantar da ita hagu, na ji yana girgiza kai, dum, dum, ya fito fili. Ba a son a ja faɗan da tsawo, don kifin da ya gaji liƙis ko an sake shi ba lallai ya rayu ba, balle idan ruwa ya yi ɗumi; da ya doshi digiri 20 ma masu hankali naɗe sandunansu suke yi. Baba ya nutsar da koma a ruwa ya riƙe ta shiru, ni na jawo kifin ta samanta, ya ɗaga.

Bai kai rabin mita ba, inci 14 ne da muka gwada da alamar jikin koma. Amma ban taɓa ganin kifi mai ado irinsa ba. Bayansa ruwan ƙasa mai duhu, gefensa ruwan zinariya, cikinsa rawaya. Baƙaƙen ɗigo sun bazu har kan murfin kuncinsa, a tsakaninsu jajaye, kowane ja da farin zobe kewaye da shi. Akwai wata 'yar tsoka a bayansa gab da wutsiya, bakinta ja. Wutsiyar faffaɗa, gefenta a miƙe babu ko tsaga. Baba ya ce wannan ɗan kogi ne, a cikin tsakuwar nan aka ƙyanƙyashe shi da hunturu, shekara uku ko huɗu da suka wuce. Na jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, don busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa. Ƙugiyar tana gefen leɓe, taɓawa ɗaya ta fita. Na riƙe shi a cikin ruwa, kansa na kallon sama, ina jin kuncinsa na buɗewa yana rufewa, har ya buga wutsiya ya zame daga tafina.

Hoton da Baba ya ɗauka na tura gida ta WhatsApp. Kafin in gama la'asar Kawu ya kira daga Yawuri. "Kai ɗan nan, ina kifin?" Na ce, "Kawu, na mayar da shi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka biya kuɗi, ka yini a rana, Allah ya ba ka, ka ce ba ka so? Wannan ai wasa da abinci ne." Ban ga laifinsa ba, kuma maganarsa ba ta wofi ba ce: wahalar da dabba don nishaɗi abu ne da ya kamata ya dami mutum. Sai dai na ga kogin da idona. Ƙarami ne, masu zuwa da yawa, ga kamfanonin ruwa na zuƙar na ƙarƙashin allin, ga taki da ƙazantar da ke gangarowa. Da kowa zai tafi da ɗan kogin da ya kama, da kaka ɗaya ta isa a share su. Abin da ke wuyana shi ne in gaggauta, in kuma sake shi da lafiyarsa.

Da yamma wasan ya sake salo. Ƙwarin da suka fito jiya da shekaranjiya sun tuɓe fatarsu ta biyu, jikinsu ya yi fari, fukafukai garau. Mazan suka taru dubbai a gefen bishiyoyi, suna tashi sama su saki jiki su sauko, su sake tashi. Mace na shiga cikinsu, ɗaya ya kama ta. Daga nan matan suka koma kan kogi suna dangwala ciki a ruwa suna zubar da ƙwai, waɗanda suka gama su faɗi, fukafukai a baje. Yanzu kifi ba ya sauri, don ya san waɗannan ba za su tashi ba. Tsotsa kawai yake yi a hankali a inda gudun ruwa ya tara su. Muka canza zuwa ƙwaro mai kwantattun fukafukai, baƙi da fari. A wani wuri mai zurfi ƙasa da gada na sami na biyu, ya fi na farko nauyi, kusan kilo guda, amma da ganinsa ka san ɗan kiwo ne: wutsiya a dakushe, launi a koɗe. Tun daga 2015 irin waɗannan da ake zubawa a kogunan Ingila sai waɗanda ba sa haihuwa, don kada su gurɓata irin na kogi. Shi doka ta ba ni. Baba ya miƙo mini ɗan kulki mai kan ƙarfe, bugu biyu a ƙeya, shi ke nan. Da na fede shi a bakin bukka, tumbinsa a cushe yake tam da ƙwaron Mayu, har wasu ba su gama narkewa ba.

Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara. Na yi magariba a gefen mota, muka rubuta a littafi abin da muka kama da girmansa da irin ƙwaron da ya ci, don da wannan ƙungiyar ke sanin halin da kogin ke ciki. A gida uwargida ta juya kifin ta ce, "Abban yara, duk yinin nan guda ɗaya?" Washegari ta gasa shi da yaji da albasa da lemon tsami. Namansa ja-ja ne mai laushi, ƙayarsa ba ta da yawa, ko da yake ta ce bai kama ƙafar ragon ruwa ba, ni ma ban yi mata musu ba.

Cikin mako guda fitar ƙwaron Mayu ta ƙare, masu yankan ciyawar kogi suka shiga da laujensu. Baba ya ce abin da ke tafe a ƙarshen Yuni da Yuli wani ƙaramin ƙwaro ne mai shuɗin fiffike da ke fitowa gab da duhu, ƙugiyarsa lamba 16 ko 18, zarensa rabin kaurin wanda na yi aiki da shi. Ya ba ni guda uku a cikin kwalin ashana, ya ce in je in koyi zura zare a idonsu a tsakar gida bayan magariba, ba tare da fitila ba.